Gaisuwar Tabawa

Zuwa ga jikana Bashiru, mijina raggo,

Ina lahiyarku, ina uwarka da mutanen Tamaske? Ni nan Yamai da sauƙi. Likita ya ce damuwa ce ta taɓa zuciyata. Ko ciwon zai dawo, shi ma bai sani ba.

Jiya wata 'yar garinmu ta yi mini ta'aziyyar Tabawa. Ashe tun damina kuka rufe ƙawata, kai kuwa kana ta aiko mini da gaisuwarta! Wai kada zuciyata ta tsaya. To, na ji, ba ta tsaya ba. Aurenmu ne ya mutu.

Ka tahi wurin ɗiyanta, ka ce musu ban ƙi su ba, ɓoye mini aka yi.

Allah shi shirye ka.

Kakarka,
Nasiba