Gurbin Koyarwar da Aka Ba Sani

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Legas? Mu nan Dawakin Tofa lafiya lau, sai tsadar taki.

Gurbin malamin lissafin da na nema, Sanin gidan Baffa aka ba. Ranar Talata, kwana ɗaya kafin intabiyu, ni na koya masa da kwanon gero cewa kashi ashirin da biyar cikin ɗari shi ne ɗaya bisa huɗu, wato 0.25. Washegari ainihin tambayar aka yi masa. Ni kuwa rawar murya ce ta kayar da ni.

Na yi masa murna a baki, amma raina bai so ba. Ka sa ni a addu'a, Yaya, don gobe zai zo in shirya masa darasin farko. A gaida Anti Rabi.

Ƙaninka,
Nura