Baba, Doyar Da Motarka Ta Ɗauko Ta Tsiro

Zuwa ga mahaifina, Kofur Sale direba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, ina fatan Allah Ya sa inda kake ya fi nan sanyi da yalwa. Inna tana lafiya, sai ƙafar nan da ka sani. Ni kuma ina nan yadda ka bar ni, ban ƙara boko ba, ban rage taurin kai ba.

Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma, miƙo mini wayar za ka yi, ka ce ƙananan rubutu suna sa maka hawaye. Na rubuta ne inda jama'a za su gani, domin maganar da ake yi a kanka a fili ake yin ta, a tasha da kasuwa. To amsar ma a fili za ta fito.

Baba, so ake a yanka motarka. Ƙaninka Baba Audu ya samo 'yan gwangwan daga Lafia, sun zo sun zagaya ta suna ƙwanƙwasa ƙarfenta kamar masu taya saniya. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za su dawo da wutarsu ta yankan ƙarfe. Hujjarsa ita ce tun da ka rasu ba wanda ya ba ta lodi, kuma ba za a ba ta ba, tunda motar gawa ce.

Ban musa ba. Ta ɗauki gawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Duk wanda ya san tsohuwar motar nan mai bodin katako tsakanin Adogi da Agyaragu ya san doya take ɗauka da gishirin Keana, ya kuma san in talaka ya mutu a asibiti a Lafia, danginsa ba su da halin kai shi gida, wurin Kofur ake zuwa. Sai ka fita daga layi a tasha, ko da kai ne na gaba, ka share bayan motar, ka shimfiɗa tabarma. Ba ka tambayar addini. Musulmi a likkafaninsa, Kirista a akwatinsa, matan Tibi a zaune a gefe suna waƙoƙin cocinsu. Mai kawai kake karɓa, shi ma in akwai.

Na tuna yadda kake tuƙin ranar. Kai da kake shiga rami da lodin doya kamar kana fushi da hanya, in da gawa a baya sai ka koma lallaɓawa, giya ɗaya, giya biyu. In taya ta faɗa rami duk da haka, sai ka waiwaya ka ce, "Yi haƙuri, bawan Allah, hanyar ce." Mutane suna dariya a ɓoye. Kai ko a jikinka.

In ka dawo kuma, Inna ta riga ta tafasa ruwa. Ka watsa gishirin Keana a kan katakon, ka goge da tsintsiya, ka bar motar ta wuni a rana ba lodi. Ba tsoro ba ne, ka ce, ladabi ne.

Sau ɗaya tak ka faɗa mini dalili. Muna gona da tsakar rana, ƙarƙashin ɗorawa, muna cin gasasshiyar doya da manja. Ka ce lokacin da kake tuƙa motar soja a wata ƙasa ta bakin teku, a yaƙin da ba namu ba, an harbe abokinka, wani Batibe, wanda ya koya maka cin doya haka. Kuka kwantar da shi gindin wata bishiya da har yau ba ka san sunanta ba. "Sitiyari na hannuna, ga wuri a baya, aka ce in ja. Soja ba ya cewa a'a. Na ja." Ka ajiye doyar har ta huce. Sannan ka ce, "Yanzu ba mai ba ni oda. Wanda ya mutu a gabana, gida zai je."

Ba ka sake ɗaga maganar ba. Ni ma ban tambaya ba.

Amma ka san abin da manoma suka riƙe. Doyar ci suna ba ka, don ba wanda ke shiga gonakin lungu da damina sai kai. Irin doya kuwa, wanda za a shuka, ko guda ba su taɓa sa maka a mota ba. Wai irin da ya hau inda gawa ta kwanta ba ya tsirowa. Har Madam Mnena, babbar dillaliyar doya ta Agyaragu, wadda kai ka kai gawar mijinta ƙauyensu ruwa na dukanku, ita ma haka. Na ji ta da kunnena tana ce maka, "Kofur, kai mutum mai kyau ne, amma iri bai san mutum mai kyau ba. In ya ji warin mutuwa, ya kwanta ke nan, ba ya tashi." Ka yi dariya ka ce, "Madam, ita doyar ba binne ta kuke yi ba kafin ta tashi?" Ta ce, "Abeg, bar ni da wa'azinka."

Ba ka taɓa yi musu gardama fiye da haka ba. Namu irin a gona yake kwana, a rumfa, bai taɓa buƙatar mota ba. Maganar ta zauna haka, ba wanda ya gwada.

Ranar da ka cika, da safe ne, a asibitin nan na Lafia, bayan ƙirjin ya ƙi sakinka. Baba Audu ya ce a nemo motar haya mai kyau. Na ce a'a, motarka ce za ta kai ka. Na murɗa makulli, shiru. Batir ya mutu tun kana kwance. Ina cikin tunanin yadda zan yi, sai na ga mutane ta madubi. Ban san wa ya gaya musu ba. Wani fasto da rigarsa, makanikin nan mai gemu ɗan ƙabilar Egon, tsofaffin ƙabilar Alago, Fulani biyu da sandunansu, ga Madam Mnena ta ɗaure zane a ƙugu. Suka sa kafaɗa. Motar da ba ta taɓa tashi da turi ɗaya ba, ranar ta tashi.

A ramin nan na bayan gada, na yi iya ƙoƙarina, taya ta faɗa. Ban ankara ba sai bakina ya ce, "Yi haƙuri, Baba, hanyar ce."

To ka ji abin da ya ƙona mini rai. Ba a yi sadakar arba'in ba sai magana ta canza. Wai motar ta ci mai ita, yanzu yunwa take ji. Na je tasha na shiga layi, layina ya zo, aka tsallake ni. Na koma, aka sake tsallake ni. Har doyar ci aka hana. Wasu daga cikin masu wannan magana, Baba, da kafaɗarsu aka tura ka. Na gane fuskokinsu.

Baba Audu kuwa kullum yana zaure. "Me Sale ya tara? Ya je yaƙi ya dawo da tari, ya yi tuƙi ya bar ƙarfe. Mutane na ɗaukar kaya, shi yana ɗaukar lada. Lada ake dafawa?" Haka yake faɗa, a gidanka, a kan tabarmarka. Inna ta gaji. Ta ce mini, "Yakubu, ni ban yarda da camfi ba, amma mota in ba lodi ƙarfe ce. Nuna mini hanya, ko in bar Audu ya yi abin da ya ga dama."

Ba ni da bakin yin gardama da manya, ka sani. Abin da na iya shi ne noma, da tuƙin da ka koya mini, da jira.

Sai na je rumfa na kwashe irinmu duka. Duka, Baba, ban bar ko na gwaji ba, don kada a ce na ɓoye mai kyau a gefe. Na jera shi a kan katakon, daidai inda ka kwanta, ba tabarma, ba ciyawa. Ranar kasuwar Agyaragu na tuƙo tun daga Adogi, na ratsa Lafia, na tsaya a tsakiyar 'yan doya, na buɗe baya, na zauna a kan taya ina shan rake. Kowa ya zo ya leƙa. Wani ya ce, "Ɗan Kofur, bana garin rogo za ku sha har ku kumbura!" Wani ya ce ciwon uban ne ya kama ɗan. Madam Mnena ta ɗauki guda ta juya shi, ta ce, "Iri mai kyau haka, ka kashe shi don fushi?" Na ce mata ba fushi ba ne. Ƙarya na yi, da fushi a ciki.

Na dawo na shuka shi a gonarmu ta bakin titi, wadda duk mai wucewa ke gani. Kowane tsibi na sa masa hular ciyawa yadda muka saba. Baba Audu ya tsaya a kan babur ɗinsa, ko sauka bai yi ba, ya ce, "Ka binne abincin uwarka da hannunka."

Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta shige ni. Ruwa ya yi jinkiri bana. Kullum in je in tsaya, ƙasa shiru. Na san camfi ne, amma na kuma san iri yana ruɓewa ko bai hau motar kowa ba, kuma in ya ruɓe bana, ba wanda zai ce rana ce. Za a ce Kofur ne. Abincinmu na shekara da sunanka, duk suna cikin ƙasa ɗaya. Hannuna ya sha yi mini ƙaiƙayi in tona in gani. Ban tona ba. Kai ne kake cewa direban da ba ya iya zaman layi ya sayar da mota ya sayi keke.

Baba, ta tsiro.

Bayan ruwa na biyu na je da safe, na ga kawuna jajaye-jajaye sun huda ciyawar, a tsaye kamar tsinin mashi. Yanzu yaɗon ya kama sanduna yana hawa. Ba duka ba ne. Can gangare inda ruwa ke kwanciya akwai waɗanda suka ruɓe, kamar kowace shekara. Da Baba Audu ya zo, ya wuce koren nan gaba ɗaya, kai tsaye ya nufi gangaren, ya ce, "Ka gani?" Na ce na gani.

Shekaranjiya Madam Mnena ta zo a kan acaɓa. Ta bi layin tsibin tana taɓa ganye, ta tsuguna ta murza ƙasa. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Kasuwa mai zuwa ka kawo motar. Doyan ci ne fa, ba iri ba. Iri sai baɗi, in na ga girman wannan." Na ce mata, Madam, gara ki sani tun yanzu, ba zan daina ɗaukar gawa ba. Ta harare ni sama da ƙasa, ta ce, "Wa ya ce ka daina? Ni in na mutu, wa zai kai ni?"

Na gaya wa Inna. Ta karɓi makullin motar ta ƙulle a bakin zanenta. Da Baba Audu ya aiko a tuna mata da Juma'a, ta ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa ya zo da wutar. Ta kan zanena zai fara."

Saboda haka ranar Juma'a zan ajiye motar a bakin gonar, in shimfiɗa wa Baba Audu tabarma a inuwarta, in kawo masa ruwa. Ubana ne, ba zan ɗaga masa murya ba. Amma ko ƙusa ba za a cire ba. Masu cewa ba ka tara komai ba, su zo su tsaya a bakin titin Adogi su duba. Masu cewa motar na jin yunwa, gaskiyarsu, lodi take jira. Kuma duk wanda nasa ya mutu nesa da gida, ko yana cikin waɗanda suka tsallake ni a layi, ya zo. Gishiri na nan, Inna na da itace.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Allah Ya yafe maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane rami da ka lallaɓa da bawanSa ya zama nauyi a mizaninka. Kai da ka kai mutane gida, Allah Ya sauke ka a gida mafi kyau. Mu kuma Ya ba mu damina mai albarka, Ya kyautata namu zuwan. Amin.

Ɗanka mai riƙe maka sitiyari,
Yakubu