Wanda ya ce kada ta fita, shi zai ce a yi

Gumel, ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Abduljabbar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na ramin zinare. Allah ya tsare ku daga ruftawar ƙasa da ƙishin hamada, ya sa abin da kuka je nema ya zama mai albarka. Mu nan lafiya muke. An yi shuka a garinmu Ɗanzomo tun ruwan farko, gero ya kai gwiwa. Inna tana nan da ciwon ƙafarta da kuma bakinta, wanda bai taɓa ciwo ba. Matata Murja da yara suna lafiya. Na kira lambarka har wayata ta haddace muryar matar nan da ke cewa ba a samunka, shi ya sa na koma wa alƙalami. Gobe kasuwar Maigatari, zan ba Cindo direba takardar ya miƙa wa masu motocin Agadas.

Maganar matarka Radiyya ce ta sa ni rubutu. Ka tuna ranar da za ka tafi, kana ɗaure jaka a bayan babur, ka waiwaya ka ce wa Kawu Sabo ga amanar gida nan, kada ta fita ko'ina sai ka dawo? Na san ka faɗa ne irin yadda angwaye ke faɗa don a san su ma sun zama masu gida. To Kawu ya ɗauki maganar ya adana ta kamar wasiyyar mamaci. Wata shida ke nan ƙafar yarinyar nan ba ta taka zaure ba, balle awon ciki. Ita kuma, da yake cikin fari ne, kunya ta hana ta ko amsa cewa akwai shi. Ciki ya kai wata takwas, yana riga ta shiga ɗaki, amma in ka tambaye ta jiki sai ta sunkuyar da kai ta ce ita lafiyarta ƙalau.

Makon jiya Ummulkhair, ma'aikaciyar lafiyar da ke bi gida gida, ta shiga wajenta. Ta tarar ƙafafu sun kumbura har silifa ba ya shiga, fuska ta yi suntum, ga ciwon kai na kwana huɗu da Radiyya ba ta gaya wa kowa ba. Ta auna jininta sau biyu, ta ce ya hau sosai, kuma irin wannan hawan shi ke kawo jijjiga, wadda kan tafi da uwa da ɗa a yini guda. Ta ce a kai ta babban asibiti a ranar. Inna ta ce kumburin ƙafa alamar ɗa namiji ce, haka ta yi lokacin cikinka. Na ce mata ai kuwa mun ga sakamakon. Kawu kuwa ya ce shi ba zai ci amana da furfurarsa ba, mai mata ya yi magana, sai dai mai mata ya warware.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ni ne sakataren kwamitin da muka kafa don mata masu ciki. Ni na zauna da direbobin tasha har suka yarda duk mai naƙuda za a ɗauke ta ba tare da jiran mota ta cika ba. Ni na rubuta sunayen mutum goma sha tara masu ba da jini. Ni nake tashi bayan sallar Juma'a ina gaya wa mazan garuruwa su bar izini a gida kafin su tafi ci-rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ga shi a gidanmu mota tana nan, jini yana nan, ma'aikaciya tana nan, abin da ya ɓace kalma ɗaya ce, ita kuma tana can bayan Agadas cikin rami. Na kawo wa Kawu hujja daga littattafai cewa ceton rai yana gaba da jiran izini. Ya saurare ni tsaf, ya ce karatuna ya yi kyau, Allah ya ƙara basira, amma ba ni na ba shi amanar ba.

Murja ce ta fitar da mu, ba karatuna ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ta je ta durƙusa gaban Kawu, ba ta ambaci asibiti ko sau ɗaya ba. Ta ce ita abin da ke damunta surutun mutane ne, wai gidanmu an riƙe 'yar mutane da cikin fari har wata takwas ba a mai da ita goyon ciki gidan iyayenta ba, kamar ba mu san al'ada ba. Nan take Kawu ya miƙe. Ya ce wannan ba fita ba ce, haƙƙin iyaye ne, ko kai ba ka isa ka hana ba, kuma wane ne ya bari aka kai yau? Har faɗa ya yi mana. Ka san iyayenta a Gagarawa suke, ka kuma san ba ni na shimfiɗa titin da ya bi ta Gumel ba. Da muka iso Gumel na ce wa direba ya karya kwana zuwa babban asibiti.

Yau kwananta biyar a kwance. Mahaifiyarta ta zo, ita da Murja suke jinya. Jinin ya ɗan sauka, amma likita ya ce ba zai jira wata tara ba. In ya sake hawa, tiyata za a yi a ciro abin da ke cikin, wataƙila nan da mako biyu, wataƙila kafin haka. A nan muka sake cin karo da kai. Likitan ya ce sa hannunta ya wadatar. Radiyya ta ce ba za ta sa ba. Ta gaya wa Murja cewa ta riga ta fita ba da saninka ba, in kuma aka yanka ta aka rasa ɗan, da wane ido za ta dube ka, kuma wa za a ce ya jawo? Na so in yi mata tsawa, sai na ga ba ita ta ƙirƙiro wannan tsoron ba. Mu muka koya mata, ta kuwa iya karatun fiye da duk ɗaliban da na taɓa koyarwa.

Saboda haka ga abin da nake so. An ce akwai wani tudu kusa da ku inda ake samun sabis in an ɗaga waya sama. Ranar da takardar nan ta shiga hannunka, ajiye diga ka hau shi. Kada ka kira ni, kada ka kira Kawu. Kira lambar Murja ka ce a ba Radiyya, ka gaya mata da bakinka cewa ka yarda da duk abin da likita ya gani, kuma fitar da ta yi ba ta yi laifi ba. In kana da fushi kan karya kwanar da na yi, riƙe shi da kyau, kada ya huce. Na fi son ka zazzage mini shi ranar suna, gaban jama'a, da a ce muna zaune kan tabarma ɗaya ana yi mana ta'aziyya.

Inna tana gaishe ka, har yanzu tana nan kan cewa namiji ne. Kawu Sabo yana gaishe ka, bai yi mini magana ba tun ranar, amma kullum yana aiko da tambayar jikinta. Murja da yaranmu, Sumayya da Nana Firdausi, suna gaisuwa. Ka gai da Jamaluddeen ɗan gidan liman in kuna tare. Radiyya ba ta ce a gaishe ka ba, kunya ta hana, sai dai sau uku tana tambaya ko Cindo ya tashi.

Allah ya sauke ta lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Ka hau tudun.

Yayanka,
Habibullah