Wadda Ake Dubawa Daga Zaure

Zuwa ga Shugaban masu duba waɗanda kotu ta saki a yankinmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga kacici-kacici daga tsohuwa: wace ce ake zuwa dubawa duk wata, amma mai duban bai taɓa ganin fuskarta ba? Yi ta tunani. A yafe rubutun, a ajin yaƙi da jahilci na koya, malamin ma ya sha wuyata.

Na ɗaya. Jikata, wadda na raina tun yaye, an kama ta da ɗaurin itace a gandun daji. Alƙali ya sassauta, bai ɗaure ta ba. Ya ce ta yi shekara a ƙauyen aurenta, ƙasar Tudun Wada, kada ta fita, mijinta ya tsaya mata.

Na biyu. Ma'aikacinku yaro ne mai ladabi, har ladabin ya yi yawa. Yakan jingine babur, ya zauna a zaure, tunda namiji ba ya shiga gidan matan aure. Ya tambayi maigidan lafiyarta. Maigidan ya ce lau. Ya rubuta lau, ya sha fura, ya tafi.

Ni kuwa ba a hana ni shiga. Na hau mota daga Kiru, na canja a Kwanar Dangora. Na tarar da shati a wuyanta, ta ce a bakin rijiya ta faɗi. Na tsufa ban ga rijiya mai yatsu biyar ba. Da na matsa, sai ta ce da can in mijin ya doke ta wurina take gudowa, yanzu ya ce ranar da ta taka ƙofa zai janye hannunsa daga tsaya mata, ta tafi gidan yari.

Haka na dawo ni kaɗai. Har yau malmala biyu nake kwashewa, ɗaya ta kwana. Tatsuniyoyina akuya nake yi wa, ita kuma ba ta dariya.

Roƙona, a aiko mace ta shiga ciki, ta tambaye ta su biyu, maigidan yana waje. A gaya mata inda za ta dosa ba tare da an ce ta karya sharaɗi ba. In mai tsaya mata ake nema, ga ni. Gudu dai ba zan iya ba.

Allah ya ƙara girma, ya tsare maka 'ya'yanka mata. Wassalam.

Amsar kuwa, Hansai ce, jikata. Saura mata wata biyar, kuma hannunta na hagu ba ya ɗaguwa.