Kan Yannick

Garoua

Ƙawata Albertine,

Jam na? Ina gajiya, ya asibitin Mindif?

Na zuba awon jariran da kike aiko wa ofishinmu a kwamfuta. Kowane yaro ya zama ɗigo ɗaya, suka taru a miƙe kamar garke a kan hanya, don nauyi da tsawo da girman kai tare suke tafiya. Akwai lissafin da ake kira nisan Mahalanobis, yana auna yadda ɗigo ya yi nisa da tsakiyar garken, yana la'akari da wannan tafiya tare. Yaro ɗaya, Yannick, ya ware can gefe shi kaɗai. Na so in goge shi, ina zaton kuskuren rubutu ne, amma hannuna ya ƙi. Don Allah ki sake auna shi.

Taki,
Ummuhani

Mindif

Ummu,

Jam. Kin ba ni haushi, wallahi! Ni na auna shi da hannuna. Nauyinsa bai kai jan layin haɗari na katin awo ba, kansa ma bai wuce iyaka ba. Duk da haka na hau babur har gonarsu. Awon bai canza ba. Amma da na taɓa maɗigarsa sai na ji ta kumbura, ta yi tauri. Uwarsa Marthe ta ce kwanan nan yana yawan amai. Gobe za mu kai shi babban asibitin Maroua.

Albertine

Garoua

Albertine,

Abin ke nan. Kan daidai yake, jikin daidai yake, amma wannan kan bai dace da wannan jikin ba. Tun safe nake kallon ɗigon. Ki ba ni labari.

Ummuhani

Mindif

Ummu ƙawata,

Ruwa ne ke taruwa a kansa. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da ya taɓa idonsa. An yi aiki, jiya ya sha nono har ya yi dariya.

Marthe ta tambaye ni yadda mace a Garoua ta hango cikin kan ɗanta. Na yi ta bayani, na kasa. Ta yi godiya da Fulatanci, useko, sannan ta ce in tambaye ki: sauran yaran ƙauyen fa, kin duba su duka?

Allah ya bar mu tare,
Albertine

Garoua

Albertine,

Alhamdu lillahi. Ki ce mata waɗanda ba a kawo awo ba, ba na ganinsu. Ta taya ki kirawo iyayensu.

Ummuhani