Dinyar da Ka Rungumo Mana

Hylke, masoyina, ranar da ke leƙowa bayan mako guda ana ruwa, ƙanshin ciyawar da aka yanka da safe, sanyin idona, wawan zuciyata,

Yau da za a ba ni kai, da na rungume ka har ƙashinka ya yi ƙara, sannan in shaƙe ka. Na zo har bakin jirgin ruwan da kake kwana a ciki, na tura wannan takarda ta ƙarƙashin ƙofa na juya, don ba na son jin muryarka. Na san kaina. Kana cewa "Tjitske" da muryar nan taka mai taushi shi ke nan na narke, ni kuwa yau ban shirya narkewa ba.

Ka tuna ranar da na fara ganin ka? Kana kwance rub da ciki a makiyayar Babana, laka har kunne, na ɗauka gawa ce. Ashe sanduna kake kafawa kusa da sheƙar tsuntsayen fadama don kada injin yankan ciyawa ya murƙushe ƙwansu. Ka yafito ni da yatsa, ka nuna mini ƙwai masu ɗigo-ɗigo a cikin ciyawa, kana raɗa kamar muna cikin coci. A wurin na ce a raina, wanda yake tausayin ƙwai haka, ina ga matarsa? Kaico, Tjitske! Tausayin nan da ya sace ni, shi ne ya shigo mini gida da abin da na yi shekara ina tarewa.

Tun da aka fara cewa kowane gida ya shirya don annoba, me ban yi ba? Na cika kabad ɗin ƙarƙashin bene da ruwa da miyar gwangwani da maganin Baba, na sayi takunkumin fuska da safar hannu, na gyara ɗakin baya don duk wanda ya kwanta a ware shi. Kai kuma me ka yi? Ka sa mini suna Ministar Annoba. Ka je mashaya ka ba abokanka labari suka yi ta dariya. Ka kwashi takunkumina ka je kankare fentin jirgi sanye da su, ka shanye miyar wake kana cewa gara a sha kafin duniya ta tashi. Na yi dariya tare da kai, don in kana dariya ba na iya tsare gida. Amma ka san dalilina sarai. Huhu ɗaya ya rage wa Baba tun aikin da aka yi masa. Ɗaya, Hylke!

Sai ranar Lahadi. An riga an ce a kulle kaji saboda cutar da ta ɓulla a tsuntsaye, an kafa alluna a kan ganuwar teku cewa kada a taɓa tsuntsu mara lafiya, kai da kake bin ganuwar kullum a keke ka fi kowa ganin su. Na hau sama canza zanin gado, na sauko, sai ga dinyar daji a kan teburin kicin ɗina, kusa da kofunan kofi, wuyanta a murɗe, kanta yana juyi. A cikin kwat ɗinka ka rungumo ta. Baba kuwa ya janyo ta kan cinyarsa, ya buɗe bakinta da yatsa yana leƙawa, fuskarsa dab da tata, yadda ya saba yi wa ɗan maraƙi. Na ƙwalla ƙara, ka dube ni da idanun nan naka masu kama da ruwan tafki, ka ce, "Haba ke kuwa, ai ni da Baba duk an yi mana allurar mura a watan Oktoba."

Allurar mura! Wai kai ne ka san kukan kowane tsuntsu a lardin nan, amma ba ka san mura iri-iri ce ba? Ku dai komai mura ne, hanci ya yi yoyo mura, kai ya sara mura, a haɗiyi farasitamol biyu a hau keke. To bari in faɗa maka, tunda a baki ba ka ji. Wadda ke kayar da mutane kowane lokacin sanyi iri biyu ce, A da B, don su ake haɗa allura sabuwa duk shekara. Ta tsuntsaye dangin A ce, amma allurarka ba ta san fuskarta ba, ko kallon ta ba za ta yi ba. Za ka ce da wuya ta kama mutum. Gaskiya ne, da wuya. Amma waɗanda take kamawa su wane ne? Masu rungumar tsuntsu mai ciwo, irinka! Abin da ke hana likitoci barci kuma shi ne tamu da ta tsuntsaye su haɗu a ƙirji ɗaya, su haifi wadda za ta riƙa bi daga mutum zuwa mutum. Kai ka ɗauko musu ƙirjin tsoho ka miƙa.

Dinyarka ba ta kai yamma ba. Da aka gwada ta, ita ce dai, murar tsuntsaye. Ma'aikatan lafiya sun ce duk wanda ya taɓa ta ya lura da zazzaɓi da jan ido, in ya ga alama ya kira su. To jiya Aukje maƙwabciyata ta gan ka a shagon burodi, idanunka jawur, kana tari a kan layi, kana ce wa mai shago ƴar mura ce. Tir da kai! Wannan ba jarumtaka ba ce, taurin kai ne, kuma ba da kanka kaɗai kake wasa ba.

Ina roƙon ka, hasken idona, abin haushina. Ka ɗauki waya ka kira ma'aikatan lafiya, a gwada ka, ka sha abin da suka ba ka, ka zauna a jirginka. Zan rataya maka abinci a ƙarfen gadar shiga jirginka, in tafi kafin ka buɗe ƙofa. Kana tsammani ba na kewar ka ne? Hularka tana nan a rataye a bayan ƙofa, sai in wuce in kauda kai. Ina so in wanke maka idanun nan da hannuna, in kuma gaura maka mari, ban san wanda zan fara ba.

Yanzu ka ji abin da ya sa na rubuto maka. Da safen nan Baba ya kasa tashi. Jikinsa zafi rau, numfashinsa yana fita da ƙyar. Yana ɗakin baya, ina shiga wurinsa da ɗan ragowar takunkumin da ka bar mini. Ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗauki majinarsa, sun ba shi magani, sun ce gobe za a sani, in numfashin ya ƙara tsanani kuma in kira motar asibiti. Ka san me ya ce da ya buɗe ido? "Ina ɗan banzan nan? Kada ki yi masa faɗa, ni na ce ya miƙo mini ita." Yana kwance yana kare ka! Wannan ya fi komai ƙona mini rai, don na san ƙarya yake yi saboda yana son ka.

Ni ma ina son ka, kuma wannan ba zai canza ba, na gwada ya ƙi. Ba zan kalli wani namiji ba, ba zan cire zobenka ba. In Baba ya tashi, ka zo in zage ka tas, sannan mu je a ɗaura mana aure. In bai tashi ba, zan ci gaba da son ka har in tsufa a gidan nan ni kaɗai. Amma kada ka zo cocin ranar jana'izarsa, Hylke. Kada in ɗaga kai a bakin kabarinsa in gan ka.

Taka har ƙarshen numfashina,
Tjitske