Ku Canza Mana Adafta, Ɗiyarmu Da Hannu Take Magana

Zuwa ga Babban Manajan kamfanin da ya ja mana kebul ɗin intanet a Hayin Banki, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci. Ban kama sunan kamfaninka ba, kuma ba zan kama ba, domin ba tozarta kowa na fito yi ba. Na biyo ta jarida ne saboda na yi ta safa da marwa a ofishinku har masu gadi sun fara tambayata ya jikin tsohuwa, amma kai ban taɓa sa ka a ido ba.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya. A bakin tebur na ƙare ƙuruciyata ina karɓar koke-koken jama'a, don haka na san yadda takarda ke kwana a ƙarƙashin 'yar'uwarta har ta tsufa. Zan faɗi abin da ya faru dalla-dalla, amma sai ka fara sanin dalilin da ya sa dattijo kamata ya damu da intanet.

Autarmu sunanta Zulai. Sanƙarau ya kama ta tun tana ƙarama, Allah ya bar mana ita, amma ya tafi da jinta. Ta yi makarantar kurame, tana karatu da rubutu fiye da ni ma. Mahaifiyarta kuwa, wato maiɗakina, allo ta yi, ba ta yi boko ba. Tsakaninsu akwai maganar hannu da suka ƙera tun Zulai na rarrafe a gindin murhu, rabinta ta makaranta, rabinta tasu ce su kaɗai. Ni da na haife ta, abin da nake ganewa bai wuce na gaisuwa da na abinci ba. In suka zauna su biyu kuwa, sai ka ga hannuwa na tashi kamar masu shiƙar hatsi, suna dariya har da hawaye, ni ina gefe kamar baƙo.

Zulai ta yi aure, mijinta ma kurma ne, kafinta, aiki ya kai su Fatakwal. Yanzu tana ɗauke da cikin fari, kuma likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba za ta zo gida haihuwa ba kamar yadda aka saba. Uwar za ta je idan watan ya kama. Kafin nan ba ta da halin motsawa, domin ita ke jinyar mahaifiyata da ke kwance ba ta tashi. Kiran murya ba shi da amfani ga Zulai. Saƙon rubutu ba shi da amfani ga uwarta. Abin da ya rage musu a duniya shi ne kiran bidiyo, kuma shi ya sa na karɓi kebul ɗinku.

Ga yadda abin ya kasance.

Na ɗaya. Da farko ba mu da abin cewa sai godiya. Yaranku sun zo sun ja waya daga falwayar bakin layi, suka kafa mana akwatin da kuke kira rauta a falo, hoto yana zuwa tangaran. Maiɗakina takan jingina wayar hannu a jikin kwanon sha, ta zauna a tabarma, hannuwanta biyu a sake, su yi hirarsu. Na faɗi wannan ne don ka san ni ba mai mance alheri ba ne.

Na biyu. Bayan ƙaramar salla kuka aiko da saƙo cewa kun faɗaɗa layinku, kuma tsofaffin akwatuna irin namu ba za su iya ɗaukar sabon ba sai an sa musu adafta. Ga wanda bai sani ba, wani ɗan ƙarfe ne da bai fi kwalin ashana ba, ana ɗaura shi tsakanin kebul da rauta, shi ke buɗe wa akwatin hanya ya karɓi faffaɗan layin. Kun ce ku za ku kawo, ku za ku ɗaura, kuma kada kowa ya sa na kasuwa. Muka ce to. Injiniyanku ya zo, ya ɗaura, ya nuna mini 'yar koriyar wuta tana ci, ya sa na sa hannu, ya tafi.

Tun daga ranar hoto ya lalace. Ba wai ya ɗauke gaba ɗaya ba, da ma hakan ne da mun san inda muka dosa. Yana zuwa, sai ya ƙame, sai ya yi tsalle. Zulai za ta ɗaga hannu, hannun ya tsaya a sama, in ya dawo ta riga ta wuce maganar da nisa. Mai magana da baki, in hoto ya ƙame, muryarsa na tafiya, ba abin da ya yi asara sai ganin fuska. Mai magana da hannu kuwa, in hoto ya tsaya, maganar ce ta tsaya. Ina so ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, domin shi ne abin da na kasa sa ma'aikatanka su gane.

Na uku. Na kai ƙara. Aka turo wani injiniyan. Yaro ne mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni, ba ni da ƙorafi a kan tarbiyyarsa. Ya buɗe shafin labarai a wayarsa, ya buɗu. Ya kira abokin aikinsa ta intanet ɗin, suka gaisa, murya ta fita. Ya dubi koriyar wuta, ya ce, “Baba, layinku lafiya lau yake.” Na ce masa ya gwada bidiyo. Ya gwada, shi da abokin nasa suna zaune ƙiƙam kamar masu ɗaukar hoton fasfo, ba mai motsi, ya ce ai ga shi yana gani. Na ce su motsa hannu da sauri. Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi. A takardarsa ya rubuta an gyara.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na kira lambar da kuka ware wa masu koke. Wata baiwar Allah ta ɗauka, na yi mata bayani tun daga sanƙarau har zuwa Fatakwal. Ta saurare ni, ko kuma na zaci ta saurara. Da na gama sai ta ce, “Alhaji, abu mai sauƙi ne, in za ku yi kira ku kashe hoton ku yi magana da murya kawai, zai tafi daidai.” Na kashe wayar. Na san daga takarda take karantowa, na san haka aka koya mata ta faɗa wa kowa, shi ya sa ban zage ta ba. Amma wallahi ranar ban iya cin tuwo ba. Ban kuma faɗa wa maiɗakina abin da aka ce ba.

Na biyar. Kada ka ce zargi nake yi a kan abin da ban sani ba, domin na gwada. Ina da aboki a Malali, Mista Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, tare muka yi aiki a ofis ɗaya har muka ajiye. Shi ma kebul ɗinku ne a gidansa, rautarsa irin tawa ce sak. Na je yi masa barka da jika, na tarar suna bidiyo da ɗansa, hoto kamar mutum na tsaye a gabanka. Muka leƙa bayan akwatin. Adaftarsa daban, tawa daban. Tasa tana da tambarin faffaɗan layi a jiki, irin wanda kuka zana a saƙonku. Tawa ba ta da shi, tsohuwar samfur ce ta ƙaramin layi, wadda na ji an ce ta yi kwantai a sitonku.

Mutumin kirki, da ya ji labarin Zulai bai bari na roƙa ba. Ya kwance tasa, muka hau keke napep zuwa Hayin Banki, muka ɗaura. Kebul ɗin nan dai ne, rautar nan dai ce, falon nan dai ne. Hoto ya zo garau. Maiɗakina ta jingina waya, Zulai ta fito, hannuwa suka fara tashi. Ni da Yohanna muka ɗauki kujeru muka koma ƙofar gida, muka bar musu ɗakin tun bayan azahar har aka kira la'asar. Da na shiga alwala na tarar da maiɗakina tana share ido tana murmushi, ta ce ashe ƙafafun yarinyar sun kumbura, ta gaya mata abin da za ta rage ci da yadda za ta riƙa kwanciya. Da yamma Yohanna ya kwance kayarsa ya tafi, domin shi ma yana da 'ya'ya a nesa.

Washegari na tafi ofishinku da murnata, ina ganin na kawo muku maganin ciwon. Abin da na samu shi ne gargaɗi. Aka ce ba ni da izinin taɓa bayan akwati, kuma in na sake za a yanke mini layi. Adaftar kuwa, aka ce sababbin sun ƙare, an fara raba wa manyan unguwanni, namu na hanya. To, ranka ya daɗe, in sun ƙare, me ya sa ba a ce mini sun ƙare ba tun farko? Me ya sa aka ɗaura mini tsohuwa aka sa na sa hannu a kan sabuwa? Kuma wane ma'auni ne ya nuna cewa ɗiyar mutumin Hayin Banki za ta iya jira?

Na san za a ce mu sayi data mu yi da waya. Mun gwada. Gidanmu a kwari yake, sabis ba ya shiga ɗaki, sai an fita bakin titi kusa da masu shaguna. Mai magana da baki yana iya rage murya ya yi sirrinsa a tsakiyar kasuwa. Hannu ba ya raɗa. Sau ɗaya maiɗakina ta tsaya a can, waya a kan bencin mai shayi, tana nuna ciki tana nuna ƙirji, jama'a na wucewa suna kallo. Ta dawo ta ce ko za a kashe ta ba za ta ƙara ba, kuma ban ga laifinta ba.

Za a kuma ce ai Zulai ta iya rubutu, ta rubuto ni in karanta wa uwar. Haka muke yi yanzu. Amma kai ma uba ne, ina kyautata zato. Akwai abin da mace mai cikin fari za ta faɗa wa uwarta wanda ba za ta bari ya bi ta bakin ubanta ba, ko da kuwa abin zai kashe ta. Ni ma ba na son ya bi ta bakina.

Makon da ya wuce Zulai ta kira da hantsi, ba lokacin da ta saba ba. Fuskarta ba daidai take ba. Ta fara magana da sauri, hoton ya ƙame, ya dawo, ya sake ƙamewa da fuskarta a jiƙe da hawaye. Uwar tana ta yi mata alamar ta maimaita, ita ma can ba ta ganin uwar. Daga nan kiran ya yanke. Can sai saƙo ya shigo wayata: “Baba ba komai. Ka ce Mama ta huta.” Mun tuntuɓi mijin a rubuce, ya ce sun je asibiti an duba ta, an ce ta dawo gida. Iyakar abin da muka sani ke nan. Tun ranar Zulai ba ta sake kiran bidiyo ba. Kullum da safe takan rubuto cewa tana lafiya, in karanta wa uwar da ƙarfi. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka. A zo a cire wannan tsohuwar adafta a ɗaura mana ta faffaɗan layi, wadda kuka yi alkawari da bakinku. In babu ita a sito, a ba ni izini a rubuce in nemo mai kyau da kaina, ba tare da barazanar yanke layi ba. A bi gidajen Hayin Banki da Unguwar Shanu a duba bayan akwatuna, domin ba na jin ni kaɗai aka yi wa haka, sai dai ni ne abin ya taɓa inda ba na iya haƙuri. Sannan a koya wa injiniyoyinku su riƙa gwada layi da hoto mai motsi, a kuma gyara takardar da masu amsa waya ke karantawa, domin cikin masu biyan ku akwai waɗanda ba a halicce su da zaɓin kashe hoto ba.

Kafin in aika da wannan wasiƙa na karanta wa maiɗakina ita daga farko har ƙarshe, har da maganar da na ɓoye mata. Na tambaye ta ko akwai abin da za a ƙara. Sai ta ce, “Malam, ka ce masa ni ba haƙuri nake so a ba ni ba. Yarinyar nan akwai abin da take son gaya mini, kuma har yanzu ban ji ba.”

Allah ya ja zamaninka, ya yi wa kasuwancinka albarka, ya raya maka zuriyarka, ya sa duk ranar da ɗayansu ya kira ka cikin damuwa ka ji abin da ya ce har ƙarshe.

Wassalam.

Naka mai jiran injiniya,
Malam Isiyaku Tanimu,
Hayin Banki, Kaduna.